Gini Hawa-Hawa a Gefen Abbasiyya

Ɗaliban Azhar da ke zaune a Madinatul Bu'us, a Abbasiyya ta Alƙahira, sun saba ganin gidajen jan bulo marasa filasta, rodi tsaye a kan rufinsu, da zarar an nufi Manshiyat Nasir a gindin dutsen Muƙaɗɗam. Baƙo kan ɗauka ginin ne ya gagari mai shi, alhali da gangan aka bar shi haka. Maigida kan zuba harsashin da zai ɗauki hawa huɗu ko biyar, ya tare a na ƙasa. In ya kwashi adashi, ko ɗansa zai yi aure, sai a ɗora na gaba. Marubuci David Sims, a littafinsa na 2010 kan birnin, ya ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen Alƙahira a irin waɗannan unguwanni suke zaune. Ba banki ne ya gina su ba, ba kuma hukuma ba.

A ganina talaka ya riga ya san yadda zai biya kuɗin gini. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne fili mai aminci kusa da wurin neman abincinsa, da takardar mallaka, da ruwa da magudana. Rashin irin wannan fili ne ya zaunar da mutane ƙarƙashin dutse a Duwaiƙa, inda ya rufto ranar 6 ga Satumba, 2008, ya kashe fiye da mutum 100. Kwashe waɗanda suka rage tilas ne, kuma benayen Asmarat da aka buɗe a 2016 domin irin waɗannan mazauna sun fi gindin dutse nesa ba kusa ba. Sai dai gidaje ne kammalallu da ba sa karɓar ƙari: babu inda za a fitar da shago, babu inda za a ɗora wa ango ɗaki.

Ita ma gwamnati ta gwada bai wa mutane fili su gina da kansu. Shirin Ibni Baitak na ƙarshen mulkin Mubarak ya raba filaye masu murabba'in mita 150, da tallafin da ake biya mataki-mataki, amma a sababbin biranen hamada irin su 6 Oktoba, inda ruwa da wuta suka makara, mota kuma ta yi wuya. Wanda zai ƙarar da kuɗin siminti a zirga-zirga, yaushe zai ɗora hawa na biyu? A Hayyus Salam ta Isma'iliyya kuwa, daga 1978, a jikin gari aka yanka filayen, aka tabbatar wa mazauna mallakarsu, kuɗin sayar da filaye ya koma cikin tituna da ruwa, unguwar ta cika.

Abbasiyya kanta hamada ce sa'ad da Abbas Pasha ya gina fada da barikin soja a can wajen 1849. Albashin bariki, sannan taragon cikin gari da ya iso a ƙarshen ƙarni na 19, su suka jawo mata mazauna. Darasin a nan shi ne, hukumomin tsara birane a Kano da Maraɗi, inda ake fara gida da ɗaki ɗaya da katanga, za su fi cin riba in sun riga magina isa bakin gari, suka shata tituna da hanyoyin ruwa kafin masu filaye su yanka awon igiya. Da zarar an kafa tubali, layin da ya fito da ƙunci sai da rusau ake faɗaɗa shi.