Takardun Gidan Waziri

Cikin shekarar 1903, da Turawa suka ci Sakkwato, aka iske wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, har da na Sarkin Kano Alu, gama ta hannun Waziri al'amuran Kano ke isa ga Sarkin Musulmi. Backwell ya juya su da Turanci, aka buga a Ikko cikin 1927. Waƙoƙin Nana Asma'u kuwa, matar Giɗaɗo kakan Buhari, suka zauna gida, sai a zamanin Waziri Junaidu Jean Boyd ta jera su. Asma'u ta sauƙaƙa mata, don takan rufe waƙa da ramzin shekara. Wasiƙun fa, yawancinsu ba kwanan wata. Mu malaman kotu mun san wahalarsu: sai a duba hatimi, a lissafa shekarun sarautar mai shi.