Labarin Jarrow, Garin da Ya Tsaya da Ƙafa Ɗaya

Yawancin 'yan makarantarmu in an ambaci Ingila, abin da ke faɗo musu a rai shi ne birnin Landan, da fadar Sarki, da jiragen ruwa maƙare da kaya. Suna tsammani ƙasa ce wadda ba a kwana da yunwa cikinta. To, yau za mu ba ku labarin wani gari na can, inda aka yi zamanin da cikin kowaɗanne ma'aikata goma bakwai suna zaune ba aikin yi, don ku ga yadda gari ke tashi, da yadda ya ke faɗuwa.

Sunan garin Jarrow. Yana arewa maso gabashin Ingila, a bakin wani kogi da a ke kira Tyne, kusa da inda kogin ke zuba cikin teku. Tsohon wuri ne, gama nan wani malamin Kirista mai suna Bede ya zauna, ya rubuta tarihin mutanen Ingila, ya rasu cikin 735. Amma bayansa wurin ya daɗe yana ɗan ƙauye, ba wata sana'a sai haƙar kwal, irin wanda aka yi ta haƙa a Inugu.

Cikin 1851 wani attajiri, Charles Palmer, shi da ɗan'uwansa suka kafa ma'aikatar ƙera jiragen ruwa a Jarrow. Da shekara ta kewayo suka ƙera wani jirgi na baƙin ƙarfe mai tafiya da tururi, suka sa masa suna John Bowes. Ya kan ɗauki tan 650 na kwal ya kai Landan ya komo cikin 'yan kwanaki, tafiyar da jiragen iska kan yi makonni suna yi. Daga nan kasuwa ta buɗe wa Palmer. Ya gina manyan murahu na narka tama, ya sayi ramukan haƙarta, har ya zama tama ta shiga ta wannan ƙofa, jirgi ya fita ta waccan. Mutanen garin ba su fi 3,500 ba sa'ad da ya fara, amma kafin shekara hamsin sun wuce 30,000. Cikin shekara tamanin ma'aikatar nan ta ƙera jirage wajen 1,000, na ciniki da na yaƙi.

Sai dai ku lura da abu guda. Garin nan duka a kan ma'aikata ɗaya ya ke rataye. Mai kanti, da mahauci, da baduku, da mai gidan haya, duk albashin mutanen Palmer su ke jira. Yaro in ya fita makaranta sai ya bi ubansa ya koyi ƙira, kamar yadda uban ya bi nasa. Da ya ke kowane mako ana biya, ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa, in ƙofar nan ta rufe ina za a nufa?

Bayan babban yaƙin 1914 zuwa 1918 al'amari ya soma juyawa. Ƙasashen da ke sayen jirage a Ingila suka koyi ƙera nasu. Cikin 1922 manyan ƙasashe suka ƙulla alkawarin rage jiragen yaƙi. Ana cikin wannan sai kasuwar Amurka ta karye cikin watan Oktoba 1929, karyewar kuwa ta game duniya. Ko mu nan ba ta bar mu ba, gama kuɗin gyaɗa ya faɗi a Kano, aka kuma sallami leburori masu yawa daga haƙar kuza a Jos. In ba kayan da za a ɗauka, wa zai sayi sabon jirgi? A farkon 1933 marasa aiki a Ingila sun kusa miliyan 3.

Jirgin ƙarshe da aka ƙera a ma'aikatar Palmer ya shiga ruwa cikin 1932. Cikin 1933 bashi ya ci kamfanin. Dā ma tun 1930 manyan masu ƙera jirage sun haɗa kai sun kafa wani kamfani, aikinsa ke nan ya sayi ma'aikatun da suka raunana ya rufe, don waɗanda suka rage su sami ciniki. Cikin 1934 ya sayi ta Jarrow, ya kwance injuna, ya kuma sa sharaɗi kada a sake ƙera jirgi a filin sai bayan shekara 40. Ga attajiran dabara ce ta tsiran da dukiya. Ga mutanen Jarrow kuwa rijiya ɗaya tak da ke garin aka cike.

Gwamnati tana ba marar aiki ɗan kuɗin taimako kowane mako, amma in zaman ya yi tsawo sai an aiko jami'i ya binciki gidan. In ɗa ko 'ya suna samun wani abu, sai a rage daga rabon uban. In akwai kayan ɗaki da a ke ganin za a iya rabuwa da su, sai a ce a sayar tukuna. Kantuna suka yi ta rufewa, don masu saye ba su da abin saye. Tarin fuka ya yawaita, mutuwar jarirai ta fi ta sauran ƙasar. Gwanayen ƙira waɗanda jiragensu suka keta tekunan duniya suka koma tsayuwa a bakin titi.

Watakila wani zai ce, me ya hana su tafi neman aiki wani wuri? Lalle akwai guraben aiki a kudu, inda a ke ƙera motoci a Oxford da Coventry da Dagenham. Tun 1928 ma Gwamnati ta kan biya wa samari kuɗin jirgin ƙasa su tafi can, da yawa kuwa sun tafi. Amma magidanci mai shekara hamsin, da iyali, da hannun da bai san kome ba sai ƙirar jirgi, ba gurbin da ke jiransa. Tafiyar samarin kuma ta ƙara raunana garin ne. Aka yi shawarar kafa babbar ma'aikatar ƙarfe a Jarrow, ƙungiyar masu ƙarfe ta ƙasar ta ƙi goyon baya, maganar ta mutu cikin 1936. Da aka kai kuka wurin Walter Runciman, shugaban ma'aikatar ciniki, amsarsa ita ce garin ya nema wa kansa mafita.

Sai majalisar garin ta yanke shawara a kai kuka Landan a ƙasa. Aka zaɓi mutum 200 waɗanda likita ya duba lafiyarsu, aka yi musu addu'a a coci, suka tashi ran 5 ga watan Oktoba 1936. Suna ɗauke da akwatin katako, cikinsa takardar kuka mai sunayen mutum fiye da 11,000. Aiki su ke roƙo, ba sadaka ba. Wakiliyar garin a Majalisar Dokoki, Ellen Wilkinson, ta taka wani sashe na hanyar tare da su. Su kan yi tafiyar minti hamsin su huta goma, a jere, ba hayaniya. Garuruwa suka yi ta ba su abinci da makwanci. A Leicester dukawa suka kwana suna gyara musu takalma. Ran 31 ga wata suka shiga Landan cikin ruwan sama, bayan tafiyar mil wajen 290, watau kusan sau uku na tsakanin Kano da Zariya.

Babban Wazirin Ingila, Stanley Baldwin, ya ƙi ganinsu. Ran 4 ga watan Nuwamba aka miƙa takardar ga Majalisa, aka yi 'yar magana ta 'yan mintoci, aka wuce. Suka koma gida a jirgin ƙasa, suka tarar an yanke musu kuɗin taimako, wai don kwanakin nan ba su nan, da aiki ya samu da ba a same su ba.

An ɗan sami ƙananan ayyuka bayan haka, irin su farfasa tsofaffin jirage, amma abin da ya komo da aiki sosai shi ne yaƙin 1939. Mutanen da aka bari shekara da shekaru a bakin titi, su ne aka nema ido rufe ran da ƙasa ta bukaci jirage. Duk da haka tafiyar ba ta tafi banza ba, gama sannu ba ta hana zuwa. Mutanen kudu sun gani da idonsu, ba su manta ba. Cikin 1944 Gwamnati ta ɗauki alkawarin cewa samar wa jama'a aiki yana wuyanta, cikin 1945 kuma aka yi dokar karkata sababbin ma'aikatu zuwa irin waɗannan yankuna. Ita kuwa Ellen Wilkinson ta zama Ministar Ilmi a shekarar.

To, 'yan makaranta, ga abu biyu ku riƙe. Na fari, in kun ga mutum zaune ba aiki, kada ku yi saurin kiransa rago, sai kun bincika abin da ya zaunar da shi. Na biyu, gari ko mutum da ya tsaya a kan sana'a ɗaya, kome albarkarta, da ƙafa ɗaya ya ke tsaye. Wanda ya iya alƙalami kada ya raina fartanyar ubansa, garin da ke da gyaɗa kada ya saki dawa da auduga. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya sa mu gane.