Bayan Yaye, Ɗan Na Wa Ne? Riƙon Yara a Kotunan Karkarar Kano

A ƙauyukan arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir har zuwa Bichi da Dambatta, inda gona ke manne da gona, an daɗe da sanin makomar yaro idan aure ya mutu. Uwa takan tafi da na goye, amma da zarar an yaye shi sai dangin uba su aiko a karɓo shi. Daga nan ya koma hannun kaka ko gwaggo, ko kuma kishiyar uwarsa.

Littattafan da alƙalan ƙasar nan ke hukunci da su tun zamanin Daular Usmaniyya ba haka suka ce ba. Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halilu, ginshiƙan mazhabar Malikiyya, sun bai wa uwa haƙƙin riƙo, wato hadana, har ɗa namiji ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta auri bare, riƙon ya koma ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta. Uba yana can baya a jeri, ko da yake ci da sutura na wuyansa duk inda yaron yake.

To, yaya al'ada ta rinjayi littafi? Amsar tana gona. A tsarin gandu, yaro hannu ne na noma, kuma magajin ƙasar da ta yi wa jama'a kaɗan, don haka babu maigidan da zai so ya tashi a wani gida. Bazawara kuma ba ta cika daɗewa bayan idda ba, sabon aurenta sai ya kawar da haƙƙinta. Kakar da ya kamata ta gaje ta sau da yawa ba ta san tana da wannan haƙƙi ba, ko tana jin kunyar kai suruki ƙara.

Kotunan sun sha sauya riga. Bayan cin Kano a 1903, Turawa sun bar shari'ar iyali a hannun alƙalai. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Arewa, a 1968 kotunan yanki suka maye gurbin na En'e, a 2000 kuma Kano ta dawo da kotunan shari'a. Hukuncin hadana bai canza ba a duk tsawon wannan tafiya. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya yunƙura a tattara dokokin iyali a kundi guda, ya gamu da turjiya daga wasu malamai.

Uwar da ta daure ta je gaban alƙali, littafi na bayanta. Wahalar tana zuwa ne bayan hukunci, lokacin da aka yanka wa manomi kuɗin ciyarwa na wata-wata, alhali abin da ya mallaka hatsi ne a rumbu, sau ɗaya a shekara.