Ƙasar Gini da Dutsen Gini a Buji da Dutse

Tun zamanin da sarautar Dutse ta kafu a Garu, a tsakanin duwatsun da garin ya sami sunansa daga gare su, mutanen wannan yanki, har zuwa Gantsa da sauran ƙauyukan Buji, babban abin gininsu shi ne ƙasar da suke takawa. Magini ya haƙo ta daga kududdufi, ya kwaɓa ta da ciyawa, ya tattake, ya bar ta ta kwana biyu, sa'an nan ya mulmula tubali ya shanya; in katanga ta tashi a jera azara, mata kuma su zo su yi daɓe. A cikin irin wannan soro aka haifi kakanninmu, alhali ba wanda ya san cewa Allah cikin ƙudurarSa ya ajiye wa ƙasar wani sirri.

Sirrin bai bayyana ba sai a 1896, sa'ad da wani masani na Faransa, Henri Becquerel, ya gane cewa ma'adinin yuraniyom yana fitar da wani tururi wanda ido ba ya gani. Daga bisani aka tabbatar cewa kowace ƙasa tana ɗauke da ɗan abin da ya sauwaƙa na yuraniyom da toriyom, amma falalen dutse irin na Dutse da Birnin Kudu, wanda yake ɗan'uwan duwatsun Jos ne wajen asali, rabonsa yakan fi yawa. A can Jos, inda aka yi ta kai talakawan Arewa aikin tilas na haƙar kuza tun daga 1942, tarkacen da aka zubar, mai ɗauke da irin waɗannan ma'adinai, ya zama abin damuwar masana, domin mutane sun kwashe shi sun yi gini.

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama hedikwata, aka kuma yanke ƙaramar hukumar Buji a 1996, sai sana'ar gini ta sauya kama: bulo da siminti suka ture tubali, masu fasa dutse suka duƙufa da guduma suna tara tsakuwa, ɗakuna kuma suka koma rufaffu da silin da gilashi. A nan ne ya kamata mai hankali ya tsaya ya yi nazari, domin yuraniyom yana haifar da wata iska mai suna radon, marar launi marar wari, wadda takan ɓullo ta tsagar daɓe ta taru a ɗakin da ba ya shan iska, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta bayyana cewa bayan taba sigari, tana cikin manyan sabubban sankarar huhu.

Wannan ba dalilin firgita ba ne, gama yawancin abin da ƙasa ke fitarwa kaɗan ne ƙwarai. Sai dai kiyaye rai wajibi ne a shari'a, kuma tun da muna da Cibiyar Binciken Makamashi ta Zariya da Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, haƙƙi ne a kan hukuma ta sa a riƙa auna ƙasa da dutse da ruwan rijiya kafin a yanka filaye. Magina kuma su yalwata tagogi, su toshe tsagar daɓe, masu fasa dutse su rufe hanci daga ƙura, domin rigakafi ya fi magani.