Ƙwallon yara a Nijar: wa ke biya, wa ke horaswa, wa ke zaɓe?

Duk lokacin babban hutun makaranta, da zarar an sauko daga gona da la'asar, filayen ƙwallo sukan cika daga Filinge zuwa Bonkuku. Unguwa ta kara da unguwa, fada ta kara da fada, kuma ba a rasa yaro ɗaya ko biyu da ƴan kallo ke cewa wannan kam sai Yamai. Sai dai tsakanin filin Bonkuku da rigar Mena akwai tafiya mai tsawo, kuma gwaninta kaɗai ba ta kai yaro. Abubuwa uku ne ke yanke masa hukunci: kuɗin da ake kashewa, irin mai horaswar da ya samu, da yadda ake zaɓe. Ga bayanin da ya kamata iyaye su sani kafin su sayar da tunkiya ko buhun dankali saboda ƙwallon ɗansu.

Yadda tsarin yake

Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, ita ce ke da iko da wasan a Nijar. Djibrilla Hima Hamidou, wanda aka fi sani da Pele, ya hau shugabancinta a 2009. A ƙarƙashinta akwai rassan jihohi, sannan ƙungiyoyin da ke da rajista. A sama akwai babbar gasar ƙasa, inda ƙungiyoyin Yamai suka fi rinjaye. Da yawansu na ma'aikatun gwamnati ne: AS FAN ta soja, AS GNN ta dakarun Garde Nationale, USGN ta jandarma, AS Police da AS Douanes, sai tsofaffin ƙungiyoyin unguwanni irin su Sahel SC da Olympic FC.

Ana kasa yara ne bisa shekaru: ƴan ƙasa da 13, 15, 17 da 20. Wuraren da ke renon su iri uku ne. Akwai ƙananan rukunoni na manyan ƙungiyoyi, akwai makarantun ƙwallo masu zaman kansu, kamar Atcha Académie ta Yamai, sannan akwai ƙungiyoyin unguwa da na ƙauye, waɗanda su ne suka fi yawa amma galibinsu ba su da rajista a hukuma.

Bonkuku, hedikwatar ƙaramar hukumar Imanan a gundumar Filinge, tana kan hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Baleyara. A nan, kamar a ƙasar Kurfai, kashi na uku ne ake da shi. Yaro yana iya shekara biyar yana wasa ba tare da sunansa ya shiga kowane littafi ba. Wannan rashin takarda shi ne tushen yawancin matsalolin da ke tafe.

Inda kuɗin ke tafiya

Ana cewa ƙwallo wasan talaka ne, kuma gaskiya ne muddin ana buga ta babu takalmi a bayan gari. Da zarar an ce gasa, lissafi ya canza. Sai takalmi mai ƙusa, ko da na gwanjo ne, kuma ƙafar yaro mai tasowa ba ta daɗewa a lamba ɗaya. Sai riga, da abin kare ƙwauri, da kuɗin shiga gasa, da ɗan abin da ake ba alƙalin wasa. Waɗannan duk ƙanana ne idan aka kwatanta da kuɗin mota. Yaron da ke Yamai yana iya zuwa gwaji da ƙafa. Na Imanan sai an biya masa mota zuwa da dawowa, an nema masa masauki a gidan ɗan'uwa, an haɗa masa guzuri na kwanakin da ba a san adadinsu ba.

Akwai kuma kuɗin da ba a gani. A kwarin Dallol Boso, inda noman dankalin turawa a lokacin sanyi ke riƙe da gidaje masu yawa, saurayi ɗan shekara 15 hannu ne a garka. Idan ya tafi, sai an ɗauki ɗan ƙwadago a madadinsa. Idan kuma ya ji rauni a fili, kuɗin magani a kan mahaifinsa yake, domin ƙungiyar da ba ta da rajista ba ta da inshora.

Ba wai babu kuɗi a harkar ba ne. A ƙarƙashin shirinta na FIFA Forward, hukumar ƙwallo ta duniya ta ware wa kowace hukumar ƙasa har dalar Amurka miliyan 8 na shekarun 2023 zuwa 2026, domin gudanarwa da ayyukan raya wasa. Amma irin wannan kuɗi ta hanyar takarda yake bi: gasar da aka tsara, ƙungiyar da aka sani, yaron da ke da lasisi. Wanda ba ya cikin littafi ba ya cikin rabo.

Mai horaswa: aikin sa kai

A garuruwa da yawa, mai horas da yara malamin makaranta ne, ko tsohon ɗan wasa, ko wani mai shago da ke son ƙwallo. Ba a biyan sa. Shi ke sayen ƙwallo, shi ke roƙon iyaye su bar yara su fito, wani lokaci shi ke ciyar da su a ranar wasa. Ba don irinsu ba, da babu ƙwallon yara a karkara.

Sai dai son abu daban, sanin sa daban. Hukumar ƙwallo ta Afirka, CAF, tana da matakan lasisin horaswa daga D zuwa C, B, A har zuwa Pro. A Yamai kuma akwai cibiyar INJS da ke yaye malaman motsa jiki. Amma kwas yana buƙatar lokaci da kuɗin tafiya, abin da mai aikin sa kai ba ya da shi. Sakamakon haka sai a ga ana horas da ɗan shekara 12 kamar babba: gudu mai tsawo cikin zafin rana, tsawa, da neman kofi ta kowane hali. Alhali masana renon ƴan wasa sun daɗe da yarda cewa a wannan shekaru abin da yaro ke buƙata shi ne yawan taɓa ƙwallo a ƙaramin fili, da ƴan wasa kaɗan, da damar yin kuskure ba tare da an fitar da shi ba.

Rashin albashi yana da wata illa. Mai horaswar da ke dogaro da aljihun wani attajiri ko ɗan siyasa wajen sayen riguna, da wuya ya iya ajiye ɗan mai gidan a benci. Daga nan ne maganar kuɗi ke komawa maganar son kai.

Mai uwa a gindin murhu

Masu jin Faransanci a ƙasar nan suna da laƙabi ga wannan ɗabi'a: PAC, wato dangi, abokai da ƴan sanayya. A filin ƙwallo tana da fuskoki da dama. Akwai ɗan wane da ake sa wa saboda mahaifinsa ne ya sayi raga. Akwai yaron da wani dillali ya kawo kuma yake son a gan shi. Akwai fifikon da ba wanda ya yi niyyarsa: mai zaɓe ya fi yarda da yaron da yake gani kowane mako a Yamai a kan wanda ya gani na minti ashirin, bayan ya sauko daga mota a gajiye.

Wani nau'in fifikon ma kalanda ce ke haddasa shi. A Kanada, inda wasan hoki na kan ƙanƙara yake da matsayin da ƙwallo ke da shi a nan, Roger Barnsley da abokan aikinsa sun nuna a 1985 cewa waɗanda aka haifa a farkon shekara sun fi waɗanda aka haifa a ƙarshenta yawa ƙwarai a cikin manyan ƴan wasa. Dalili shi ne a rukuni ɗaya, ɗan watan Janairu ya girmi ɗan Disamba da kusan shekara guda. Ya fi shi jiki, sai a ɗauka ya fi shi iyawa, a ba shi horo mafi kyau, har daga baya ya fi shin da gaske. Idan wata goma sha ɗaya na iya yin haka, ina ga shekara uku ko huɗu?

Batun shekaru

Wannan ita ce babbar rashin adalci a ƙwallon yara a Afirka, kuma Nijar ta ɗanɗana ta ta ɓangarorin biyu. A gasar ƴan ƙasa da 17 ta Afirka da aka yi a Aljeriya a 2009, an kori Nijar saboda sa ɗan wasan da ya wuce shekaru, aka ba Malawi gurbinta. A wannan shekarar ce FIFA ta fara amfani da hoton MRI na wuyan hannu domin duba ko ƙashin yaro ya gama haɗewa. A 2016, gwajin ya zubar da ƴan wasan Najeriya 26 gab da karawarsu da Nijar. Ƴan Mena ƙanana suka fitar da Najeriya, suka zo na huɗu a Gabon a 2017, suka je kofin duniya a Indiya, inda suka ci Koriya ta Arewa 1 da 0 kafin Ghana ta fitar da su a zagaye na biyu.

A karkara, matsalar ba kullum ha'inci ba ce. Yara da yawa ba a yi musu takardar haihuwa a kan lokaci ba, sai daga baya a nemi ta kotu, wadda ake kira jugement supplétif, a rubuta shekarun da aka ƙiyasta. Amma ƙofar da aka buɗe don taimako ita ce mai son rage shekaru ke bi. Duk saurayi ɗan 20 da ya shiga rukunin ƴan 16, ya ture wani yaro na gaskiya, kuma shi kansa yakan ƙare da wuri, domin a lokacin da takarda ke cewa yana kan ganiya, jiki ya riga ya gaji.

Abin da takarda ke jawowa

Dokokin FIFA sun tanadi haƙƙin wanda ya reni ɗan wasa, kuma mutane kaɗan ne suka san da haka. Na farko, idan ɗan wasa ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru a wata ƙasa, sabuwar ƙungiyar tana biyan ladan horo ga waɗanda suka rene shi tun daga shekara 12. Idan babbar ƙungiyar Turai ce, kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana kan yuro 10.000. Na biyu, duk lokacin da aka sayar da shi daga wata ƙasa zuwa wata, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da ya zauna daga shekara 12 zuwa 23.

A misali, idan aka sayar da ɗan wasa a kan yuro miliyan 1, ƙungiyar da ta riƙe shi daga shekara 12 zuwa 15 tana da kashi 1 cikin 100, wato yuro 10.000, sama da miliyan 6 da rabi na sefa. Tun 2022 akwai ofishin FIFA a birnin Paris da ke bin sawun wannan kuɗi. Sharaɗin ɗaya ne: ƙungiyar ta kasance mai rajista, yaron kuma yana da lasisi da sunanta a waɗannan shekaru. Moussa Maâzou ya tashi daga AS FAN zuwa Lokeren ta Beljiyam a 2008, daga nan zuwa CSKA ta Mosko a 2009, saboda haka ba tatsuniya ba ce a ce ɗan Nijar zai yi tsada. A Senegal, makarantar Génération Foot, wadda Sadio Mané ya bi ta cikinta zuwa Metz, ta ginu ne a kan irin wannan lissafi: a reni yaro, a ci riba idan ya yi nasara, ba a tatsi iyayensa ba.

Haka kuma doka ta hana kai yaro ɗan ƙasa da 18 wata ƙasa don ƙwallo, sai a wasu ƴan yanayi ƙayyadaddu. Duk wanda ya zo ya ce a ba shi kuɗi zai kai ɗan shekara 15 Turai, ko dai bai san doka ba, ko ya san ta yana neman wanda bai sani ba.

Darasi daga filin kokowa

Ba sai an je nesa ba wajen neman misali. Gasar takobi ta kokowar gargajiya, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana tara ƴan kokowa 80, goma daga kowace jiha. Kowace jiha tana da kasonta, kuma a gaban jama'a ake kayar da mutum. Ba a rasa ƙorafi a can ma, amma ɗan ƙauye ya san matakalar da zai taka. Nijar ta karɓi baƙuncin gasar Afirka ta ƴan ƙasa da 17 a 2015 da ta ƴan ƙasa da 20 a 2019, Mali ce kuma ta tafi da kofunan biyu. Abin da ya rage shi ne matakala irin ta kokowa, wadda za ta fara daga ƙaramar hukuma.

Tambayoyin da iyaye za su yi

Kafin a ba da yaro ko a ba da kuɗi, a tambaya: Shin ƙungiyar tana da rajista a reshen jiha na FENIFOOT? Za a yi wa yaron lasisi da sunansa da shekarunsa na gaskiya? Mai horaswar yana da wani mataki na lasisi? Kuɗin da ake nema na mene ne, kuma za a ba da rasit? Wa zai biya idan ya ji rauni? Ina zai kwana, kuma zai ci gaba da karatu? Wanda ke aiki tsakani da Allah ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Ga masu ƙungiyoyin unguwa a Bonkuku da Filinge kuwa, matakin farko bai wuce littafi da biro ba: sunan kowane yaro, ranar haihuwarsa, ranar da ya shigo, sannan a nemi rajista. Ga iyaye, takardar haihuwar jariri da aka karɓa a ofishin magajin gari cikin wa'adi ita ce za ta tsaya masa ranar da wani zai ce ya rage ko ya ƙara.