Guzurin Mai Barin Makaranta: Waiwaye a Kan Tarihin Koyar da Nahawu da Kalmomi da Insha'in Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa riƙe alli a ajin Ingilishi a ƙasar nan ya san cewa darasin ya kasu gida uku, wato nahawu da kalmomi da insha'i. Da yake haka muka taras da shi, sai akan ɗauka tamkar dama can haka harshen ya zo a rabe. Alhali kuwa kowane ɗaya daga cikin ukun yana da tarihinsa da mutanen da suka yi jayayya a kansa, kuma mafi yawan jayayyar an yi ta ne a Indiya da Japan, inda malaman Turawa suka fuskanci ɗalibai masu wasu harsunan na gado. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan tarihi har zuwa Nijeriya, tare da riƙe wata tambaya guda da aka yi a Bangal shekaru ɗari da suka wuce: yaron da ya bar makaranta bai kai ƙarshe ba, wane guzuri yake tafiya da shi daga darasin Ingilishi?

2.0 Zamanin Li'irabi

Littattafan nahawun Ingilishi da suka fara yaɗuwa an rubuta su ne domin masu harshen. Robert Lowth ya fitar da nasa a 1762, Lindley Murray kuma a 1795. Murray ya rubuta nasa ne domin wata makarantar 'yan mata ta birnin York a Ingila, wato yaran da suka sha Ingilishi a nono, abin da suke bukata kawai shi ne a goge musu shi. An gina waɗannan littattafai bisa tsarin nahawun Latin: a haddace ma'anar suna da aikatau da sifa, a yi li'irabin jimla kalma bayan kalma, sannan a gyara jimlolin da aka ɓata da gangan. A shekarun 1890 J. C. Nesfield, wanda ya daɗe yana aikin ilimi a Indiya, ya fitar da jerin littattafansa bisa wannan turba, suka kuma zama tamkar dokar ƙasa a makarantun yankunan da Ingila ta mallaka.

Wannan hanya ce ta shigo Nijeriya ta bakin teku. An buɗe makarantar sakandare ta mishan ta C.M.S. a Legas a 1859, dokar ilimi ta 1882 kuma ta ɗaure tallafin gwamnati ga makarantu da karatu da rubutun Ingilishi. A Arewa abin ya ɗan bambanta. Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara, Kwalejin Katsina kuwa da aka buɗe a 1922 ta shahara wajen horar da ɗalibanta a kan lafazi, har ta yaye irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sai dai ɗaliban Katsina 'yan ƙalilan ne zaɓaɓɓu, waɗanda ake sa ran za su kammala. Hanyar li'irabi tana iya yin amfani ga irinsu, domin ribarta sai a ƙarshen tafiya take fitowa. Wanda ya tsaya a tsakiya kuwa, abin da yake fita da shi shi ne sunayen sassan jimla, ba tare da iya karanta wasiƙa ba.

3.0 Michael West da Ƙidayar Kalmomi

Michael West ya shiga aikin ilimi na Indiya a 1912, ya kuma shugabanci kwalejin horon malamai ta Dakka, babban birnin Bangaladash a yau. A 1926 ya fitar da rahoton bincikensa a kan zama da harsuna biyu a Bangal. Abin da ya dame shi shi ne yawan yaran da ke barin makaranta kafin su kammala, alhali an tsara manhajar kamar kowa zai kai ƙarshe. Sai ya aro wata ma'ana daga harkar inshora, wato kuɗin da akan mayar wa mutum idan ya janye kafin wa'adinsa ya cika. Ra'ayinsa shi ne, kamata ya yi kowace shekara ta karatu ta bar wa yaro wani abu da zai amfana da shi ko da a nan ya tsaya. Wannan shi muka kira guzuri a nan.

Da ya auna, sai ya ga iya karatu shi ne guzurin da ya fi saurin samuwa, kuma ya fi daɗewa, domin wanda ya iya karatu zai iya ci gaba shi kaɗai ba malami. Da ya duba littattafan karatun da ake amfani da su kuwa, sai ya tarar da illoli biyu. Ta farko, an cika su da kalmomin waƙa da na tsohon adabi, irin su isle a maimakon island, ko ere a maimakon before. Ta biyu, sababbin kalmomi suna zuwa a cunkushe, ta yadda yaro ba zai gama layi ɗaya ba sai ya ci tuntuɓe. Maganin da ya kawo a jerin littattafansa na New Method Readers, waɗanda kamfanin Longmans ya fara bugawa a 1927, shi ne a sauya baƙuwar kalma da sananniya, a kuma tsawaita labari yadda sabuwar kalma ba za ta ɓullo ba sai an ratsa tsofaffi masu yawa, kuma idan ta ɓullo a yi ta maimaita ta. Ga mai kallo daga nesa wannan ƙaramin gyara ne. A gaskiya kuwa juyin mulki ne, domin an karɓe ikon zaɓen kalma daga hannun marubucin adabi an danƙa shi ga bukatar yaro.

Ba West kaɗai ke wannan fage ba. A Amurka Edward Thorndike ya ƙirga yawan aukuwar kalmomi a rubuce-rubuce, ya fitar da jerin kalmomi 10,000 a 1921. A Ingila C. K. Ogden ya fito da tsarinsa na Basic English a 1930, mai kalmomi 850 da aikatau 18 kacal, yana ganin da su za a faɗi komai. West ya yi adawa da wannan tsari ƙwarai, kuma a ganinmu da gaskiyarsa: wanda aka hana wa aikatau dole ya riƙa zagaye-zagaye, sai ya wayi gari yana magana da wani Ingilishi da babu mai yin sa a kasuwa ko a ofis. Gidauniyar Carnegie ta tara masanan wannan fanni a birnin New York a 1934 da Landan a 1935, inda West da Thorndike da Harold Palmer da Lawrence Faucett suka fitar da rahoto a 1936. Wannan rahoto ne West ya sake gyarawa ya buga a 1953 da sunan A General Service List of English Words, mai kalmomi kusan 2,000. Bincike na baya ya nuna cewa waɗannan kalmomi su ne kimanin kashi 80 cikin ɗari na abin da mai karatu zai haɗu da shi a rubutu na yau da kullum. Tun a 1935 ma West da James Endicott sun fitar da ƙamus wanda aka yi dukkan bayanansa da kalmomi 1,490, don kada bayanin kalma ya fi kalmar wuya.

4.0 Daga Kalma Zuwa Jimla

Jerin kalmomi yana da iyakarsa, kuma Bahaushe mai koyon Ingilishi ya fi kowa sanin ta. Ɗauki aikatau "sha". Muna shan ruwa, muna shan magani, muna shan taba, muna shan wahala, muna shan iska. Yaron da aka gaya wa cewa "sha" shi ne drink ya samu ɗaya ke nan daga cikin biyar, domin Ingilishi yana neman take ga magani, smoke ga taba, suffer ga wahala. Haka "ji" ya tattara abin da Ingilishi ya rarraba tsakanin hear da feel da smell da understand, shi ya sa akan ji ɗalibi ya ce ya hear wari. Kuskuren ba na rashin sanin kalmar ba ne. Na rashin sanin abokan tafiyarta ne.

Wannan matsala ita ce Palmer ya duƙufa a kanta a Japan, inda ya zauna daga 1922 zuwa 1936 yana shugabantar wata cibiyar binciken koyar da Ingilishi a Tokyo. Shi da A. S. Hornby sun tattara kalmomin da ke tafiya tare, cibiyar ta fitar da rahoto a kansu a 1933. Daga nan Hornby, tare da E. V. Gatenby da H. Wakefield, ya haɗa ƙamus wanda aka buga a Tokyo a 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta sake buga shi a 1948, shi ne kuma ya zama Advanced Learner's Dictionary da ɗaliban Nijeriya suka daɗe suna runguma. Abin da ya bambanta shi da ƙamusan masu harshe shi ne ya nuna wa mai koyo yadda zai yi amfani da kalma da kansa. Ya kasa aikatau zuwa sigogin jimla 25, ya kuma sa alama ga sunan da ake ƙirgawa da wanda ba a ƙirgawa. Duk malamin da ya gaji da soke informations da furnitures da jan biro ya san darajar wannan alama.

Ta haka nahawu ya sauya kama, daga haddace ma'anoni zuwa maimaita sigogin jimla har su zauna a baki. Taron ƙasashen renon Ingila da aka yi a Makerere ta Yuganda a 1961 ya ƙarfafa wannan hanya, tare da aƙidar cewa a fara Ingilishi da wuri, a kuma koyar da shi ba tare da taimakon harshen uwa ba. Robert Phillipson ya yi wa wannan aƙida kakkausan suka a littafinsa na 1992. Abin lura a nan shi ne ta kauce wa tambayar West, domin ta koma ɗauka cewa yaro zai daɗe a makaranta a hannun ƙwararren malami.

5.0 Jarrabawa Ta Karɓi Ragama

An kafa Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma a 1952, ta kuma gaji tsarin Kambirij na insha'i da taƙaitawa da li'irabin jimla. A 1964 D. W. Grieve ya gabatar mata da rahoto wanda ya ba da shawarar a riƙa gwada kalmomi da ginin jimla ta hanyar tambayoyin canki-canka, inda ɗalibi zai zaɓi amsa ɗaya daga cikin waɗanda aka jera masa. Hujjar mai ƙarfi ce: irin wannan gwaji yana ratsa fage mai faɗi, kuma makin ba ya dogara da halin da mai maki ya tashi da shi. Hukumar shiga jami'a da aka kafa a 1978 ta ɗauki wannan salo ɗungurungum a takardarta ta Ingilishi.

Sai dai abin da jarrabawa ta auna shi malami ke koyarwa. Binciken West da Palmer da Hornby an yi shi ne domin a tsara abin da yaro zai karanta ya kuma furta, amma da ya iso ajinmu sai ya zama tarin tsofaffin tambayoyi da ake bita gab da jarrabawa. Ɗalibi yana iya gane amsar da ta dace a cikin huɗu, ya kasa ƙago jimlar da kansa, domin ganewa daban, ƙirƙira daban. Insha'i shi ya fi shan kashi. Ana neman ɗalibi ya rubuta kalmomi 450 a zauren jarrabawa, alhali rubutu ba ya gyaruwa sai an yi, an duba, an mayar, an sake. Malamin da ke riƙe da aji uku ko huɗu masu cunkoso zai iya makin canki-canka cikin sa'a guda, amma insha'i zai cinye masa mako. Ba lalaci ne ke sa ya rubuta samfurin wasiƙa a allo ya ce a haddace ba. Lissafin lokaci ne. Ga shi kuma an mayar da kiredit a Ingilishi mabuɗin shiga jami'a, ko da Hausa ko Yarbanci ɗalibin zai karanta.

Duk wannan ya faru ne daidai lokacin da makaranta ta daina zama ta zaɓaɓɓu. Jihar Yamma ta fara ilimin firamare kyauta a 1955, ƙasa baki ɗaya kuma a 1976, wato Nijeriya ta shiga irin halin da West ya gani a Bangal: masu shiga da yawa, masu kammalawa kaɗan. Gwajin da ya fi kusa da amsa tambayarsa shi ne wanda Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, inda aka koyar da yara dukkan darussa da Yarbanci har shekara shida, Ingilishi kuma ya zama darasi guda a hannun malamai na musamman. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba, sun kuma fita da karatu da rubutu a harshen da suke tunani da shi. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince da harshen uwa a farkon firamare kawai, aiwatarwar ma ta kasance rabi da rabi. A 2022 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar faɗaɗa shi zuwa shekaru shida, a watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya soke wannan manufa ya mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga tushe, yana kafa hujja da yawan faɗuwa a jarrabawar kammala sakandare da ta shiga jami'a. Waɗannan alƙaluma kuwa na waɗanda suka kai zauren jarrabawa ne. Yarinyar da aka cire daga aji huɗu na firamare da yaron da ya koma gona ko gareji ba sa cikinsu.