Daga Tsallen Mario Zuwa Inuwar Yarima: Tarihin Wasannin Gem Da Na Fi So

A wannan makon zan ɗan jingine labarin da muke bi, domin in amsa wata magana da wani abokina marubuci ya yaɓa min. Muna zaune a wajen ɗaurin aure ya leƙo wayata ya ga ina buga gem, sai ya riƙe baki ya ce, "Haba Malam, da girmanka da furfurarka?" Na yi dariya kawai a lokacin, amma maganar ta tsaya min a rai, domin kuwa wani kaso na abin da na sani game da tsara labari a gaban akwatin gem na koye shi. Don haka bari in kawo tarihin waɗannan wasanni kamar yadda na bibiye shi, tare da ra'ayina a kan waɗanda suka fi kwanta min.

Wasannin da nake magana a kansu iri uku ne. Akwai na tsalle-tsalle, inda jarumi ke gudu yana tsallake ramuka da abokan gaba. Akwai na yawon kasada, inda ake sakinka cikin wata duniya ka nemi hanya da kanka. Sai kuma wanda mai wasa ke shiga rigar jarumi, ya fara da rauni, yana yaƙi yana ƙara ƙarfi, yana tara abokan tafiya har ƙarshen labari.

Tarihin na tsalle-tsalle ba ya cika sai an ambaci kamfanin Nintendo na birnin Kyoto a ƙasar Japan. An kafa shi tun 1889, kuma katin karta ya fara yi. A 1981 wani ma'aikacinsu mai zane, Shigeru Miyamoto, ya ƙirƙiro Donkey Kong, inda wani kafinta ke hawa bene yana tsallake ganguna don ya ƙwato budurwa daga hannun goggon biri. Wannan kafinta shi ne ya zama Mario. Hular kansa da gashin bakinsa ma dole ce ta kawo su, domin na'urar lokacin ba ta iya zana gashin kai da baki yadda za a gane. A 1983 kasuwar gem ta karye a Amurka saboda tarin wasanni marasa kyau, har kamfanin Atari ya kwashi kaset-kaset da suka yi kwantai ya binne a jihar New Mexico, inda aka tono su a 2014. A wannan shekarar ta 1983 Nintendo ya fito da akwatin Famicom a Japan, sannan a 1985 ya saki Super Mario Bros., wanda aka sayar da sama da kwafi miliyan 40.

Mu dai a unguwarmu ba ainihin Famicom ce ta iso mana ba, jabunta ce, mai kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta wasa dubbai a jikinsa, in ka duba kuwa ba su wuce goma ba ake ta maimaitawa. Wajen 1992 na fara riƙe hannun gem a ɗakin yayan wani abokina. In kaset ya ƙi kamawa sai a ciro a hura a mayar. Mario na da duniya 8, kowace da mataki 4, kuma babu ajiya. In rayukanka suka ƙare, ko aka ɗauke wuta kana duniya ta bakwai, to sai dai haƙuri, ka koma farko. Labarin bai taka kara ya karya ba: dodo ya sace gimbiya, je ka ƙwato ta. Amma sau bakwai kana fasa fada, sau bakwai ana ce maka gimbiyar tana wata fadar. Daga nan na fara gane dabarar ja wa mai karatu rai, wadda duk marubucin da ya taɓa rufe littafi na ɗaya da "mu haɗu a na biyu" ya san ta. Sonic na kamfanin Sega, wanda ya fito a 1991, na buga shi ba laifi, sai dai gudunsa ya yi min yawa, ban taɓa samun sararin damuwa da abin da zai faru da shi ba.

A ɓangaren yawon kasada, Miyamoto ɗin dai shi ne ya sake yin zarra da The Legend of Zelda a 1986. Ya sha faɗa cewa yawon da ya yi yana yaro cikin duwatsu da kogunan dutse na karkarar Kyoto shi ya haifar da wasan. Ana ajiye jarumin, mai suna Link, a tsakiyar fili ba ko takobi a hannunsa, sai ya shiga wani kogo wani tsoho ya ba shi. Babu mai nuna maka gabas ko yamma. Kaset ɗin da aka kai Amurka a 1987 yana da ɗan batir a ciki mai riƙe inda ka tsaya, kuma wannan ƙaramin abu ya buɗe ƙofar dogayen labarai, tunda ba dole sai an gama a zama ɗaya ba. Ban samu buga Zelda ba sai da na girma, saboda haka ina girmama shi ne kamar yadda ake girmama malamin malaminka.

Wanda ya kama zuciyata tun ina saurayi shi ne Prince of Persia. Wani Ba'amurke, Jordan Mechner, ya yi shi kusan shi kaɗai, ya fito a 1989 a kan kwamfutar Apple II. Ya ɗauki ƙanensa a bidiyo yana gudu yana tsalle, sannan ya bi hotunan yana zanawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa tafiyar jarumin take kamar ta mutum. Ni a shagon buga takardu na haɗu da shi wajen 1996, inda mai shagon kan bar ni in taɓa kwamfuta bayan la'asar in babu aiki. Sarki ya tafi yaƙi, mugun waziri Jaffar ya kulle gimbiya ya ba ta sa'a ɗaya, ko ta aure shi ko ta mutu, masoyinta kuma yana ƙarƙashin kurkuku. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce ya san halin irin wannan wazirin. Abin burgewar shi ne sa'ar nan ta gaske ce, minti 60 cif. Ka mutu sau nawa ka ga dama, za a tashe ka, amma agogo ba ya komawa baya.

Sai kuma maganar inuwa. A mataki na huɗu jarumin yakan tsallaka ta cikin wani madubi, sai inuwarsa ta rabu da shi ta zama abokiyar gaba, ta sha masa magani, ta rufe masa ƙofa. A mataki na 12 sukan yi gaba da gaba. Na shafe kusan sati biyu ina sararta, duk sara ɗaya sai in ga jinina ne ke raguwa, in ta faɗi ni ma in faɗi. Wata rana don gajiya na mayar da takobi kube, sai ita ma ta mayar, na matsa kusa da ita, muka haɗe muka zama mutum ɗaya. Na jima zaune ban taɓa komai ba. Babu wanda ya yi min wa'azi, da hannuna na gano cewa akwai abokin gabar da takobi ba ya maganinsa. A littattafan yaƙin da na rubuta daga baya, duk inda kuka ga jarumi ya sauke makami a lokacin da ake zaton sara, daga nan asalin yake.

Iri na uku kuwa tushensa wasan tebur ne na Dungeons & Dragons da aka fitar a Amurka a 1974, inda abokai kan zauna kowa ya ɗauki jarumi guda, mutum ɗaya yana ba da labari. Japanawa suka ɗauki tsarin suka sauƙaƙa shi, aka samu Dragon Quest a 1986 da Final Fantasy na Hironobu Sakaguchi a 1987. Da Sony ya fito da PlayStation a 1994 mai amfani da faifan sidi, wanda ya fi kaset ɗaukar kaya nesa ba kusa ba, sai kamfanin Square ya bar Nintendo ya koma can, ya saki Final Fantasy VII a 1997 a kan faifai uku. An sayar da sama da miliyan 10.

Wajen shekarar 2000 muka buga shi a gidan wani abokina, mu huɗu, ɗaya na riƙe da hannun gem, ni ina riƙe da ƙamus, domin maganganun cikinsa sun fi ƙarfin Turancinmu na sakandare. Labarin wani kamfani ne, Shinra, da ke zuƙe ran ƙasa yana mayar da shi wutar lantarki, masu kuɗi a saman birnin Midgar, talakawa a ƙarƙashi ba sa ganin rana. Cikin abokan tafiyar jarumi Cloud akwai Aerith, yarinya mai sayar da furanni. Mun yi makonni muna saya mata makami, muna ƙara mata ƙarfi, ita ke warkar da mu a fagen daga. A ƙarshen faifai na ɗaya tana durƙushe tana addu'a Sephiroth ya diro daga sama ya soke ta. Muka yi ta jiran a dawo da ita, har wasan ya ƙare ba ta dawo ba. Ɗaya daga cikinmu bai sake zuwa ba sai bayan kwana uku. Kafin nan ina tsoron kashe wanda mai karatu yake so, bayan nan na gane cewa in dai mutuwar tana da dalili, ita ke sa a riƙe labari shekara da shekaru.

In aka ce in jera su, Prince of Persia ne na ɗaya a wajena, sai Final Fantasy VII, sai Mario. Na san masoya Zelda ba za su yarda ba, kuma suna da hujja.

Abin da ke ci min rai shi ne, wannan tsari ba baƙo ba ne a wajenmu. Ku duba Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da ya fito a 1934: mutum ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, gari bayan gari, ga Malam Zurƙe da suke ta karo, ga aljannu a ƙarshen tafiya. Wace irin kasada ce ta fi wannan dacewa da gem? A Kamaru wasu matasa ƙarƙashin Olivier Madiba sun kafa Kiro'o Games a Yawunde, suka fitar da Aurion a 2016 da labari mai tushe a al'adun Afirka. Mu da muke da marubuta birjik da yara masu ilimin kwamfuta, abin da ya rage shi ne su zauna a tabarma ɗaya.

Ban ce a bar yaro ya wuni a kan gem ba, ni ma a gidana akwai lokacinsa, kuma in an kira salla ajiyewa ake. Amma kafin mu raina abu ya kamata mu san tarihinsa. Shi kuma abokina mai maganar furfura, na tura masa Prince of Persia a wayarsa, yau kwana tara ke nan yana mataki na uku.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa za mu ɗora daga inda muka tsaya a labarinmu, in Allah Ya kai mu. Naku a kullum.